Furen Bado A Bangon Ɗaki

Uwargida, in kin taɓa jinyar wani naki a gida, ko kin yi zaman jego, kin san yadda bango yake zama abokin hira. Mutum na kwance, ba inda idonsa zai sauka sai fentin da ya koɗe da kalandar bara da aka manta ba a cire ba. Mukan kula da magani da abinci da zanin gado, amma ba mu cika tambayar kanmu me majinyacin yake kallo tun safe har dare ba.

Wani masani ɗan Amurka mai suna Roger Ulrich ya yi wannan tambaya. A 1984 ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa aikin cire matsarmama a wani asibiti. Rabinsu tagar ɗakinsu bishiyoyi take kallo, rabi kuwa katangar bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga sauran komawa gida da kusan kwana guda, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi sosai ba.

Za ki ce, to ni da tagata ke kallon katangar maƙwabta fa? Ulrich da abokan aikinsa sun sake gwaji a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, wannan karon da hoto, a gaban gadon waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Waɗanda aka kafa wa hoton ruwa da bishiyoyi sun fi sauran kwanciyar hankali. Masana halayyar ɗan Adam suna cewa ganye da ruwa suna riƙe ido ne ba tare da sun wahalar da shi ba, sai ƙwaƙwalwa ta samu ta huta.

Tun kafin waɗannan gwaje-gwaje, wani tsohon mai zane a Faransa, Claude Monet, ya gane haka. Ya sa an haƙa masa tafki a gidansa da ke ƙauyen Giverny a 1893, ya shuka bado a ciki, ɗan uwan badon nan da ke rufe kududdufanmu da damina, wanda muke wucewa ko kallo bai ishe mu ba. Ya zana shi wajen sau 250. Mafi girman zanen kuma cikin baƙin ciki ya yi su: matarsa ta rasu a 1911, babban ɗansa ya bi ta a 1914, shekarar da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ga yana ta rufe masa ido. Washegarin tsagaita wuta a Nuwamban 1918 ya yi wa ƙasarsa alkawarin kyautar zanen. An kafa su a gidan tarihi na Orangerie da ke Paris a 1927, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Zane 8 ne, tsayinsu wajen mita 2, sun zagaye ɗakuna biyu. Babu mutum a ciki, babu dabba. Ruwa ne, da bado, da inuwar gajimare, da rassan bishiya sun sunkuyo.

Wannan ma sauƙi ne a gare mu. Abin da malamai suka yi tsanani a kansa shi ne surar mai rai, kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen bishiya da abin da ba shi da rai.

Ba sai kin kashe kuɗi mai yawa ba. Hoto ɗaya ya isa, mai fili, wanda ido zai iya tafiya nesa a cikinsa, ba guguwa ba, ba jan wuta ba. Sai dai mu mata akwai mu da son cika bango, ga jere, ga agogo, ga furannin roba, sai hoton ya ɓace a tsakiyarsu. Ki ba shi bangonsa shi kaɗai. Kafin a buga ƙusa, ki kwanta a kan gadon da kanki, ki ga inda idonki ya fara sauka.