Gari a Kan Teku: Yadda Ake Rayuwa a Jirgin Ruwan Zagaya Duniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mazauna kusa da tashar jiragen ruwa ta Tema, ko Lome, ko Kwatano, sukan ga wani farin jirgi mai benaye ya shigo da safe, ya sauke baƙi, kafin dare ya tafi. Jirgin yawon buɗe ido ne, kuma wasu irinsa sukan yi wata uku ko huɗu suna zagaya duniya. Tunda matasanmu sun fara jin labarin neman aiki a cikinsu, ya kamata mu san yadda zaman yake.

Irin wannan tafiya ta samo asali tun 1922, lokacin da jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya tashi daga New York ya zagaya duniya cikin kwana 130. A yau kamfanin yana da Queen Mary 2, mai tsawon mita 345, da ke ɗaukar fasinja kusan 2,700 da ma'aikata sama da 1,200. Doguwar tafiyarsa takan fara a watan Janairu daga Southampton ta Ingila, ta wuce kwana 100. Kun ga ai gari ne guda: akwai asibiti, da gidan burodi, da wurin wanki, da kantuna. Ruwan sha ma daga teku ake ɗebowa, injuna su cire gishirin. Kafin a tashi kuwa, dole kowa ya koyi sa rigar ceto, ya san inda zai tsaya in an busa ƙararrawa. An ƙara tsananta wannan doka bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu.

Kwanakin tafiya iri biyu ne, na tsakiyar teku da na tasha. Daga Southampton zuwa New York kwana bakwai ne, ba ka ganin komai sai ruwa da sama. A tasha kuma zaman gajere ne, galibi daga safe zuwa yamma. In tashar ba ta da zurfi, jirgi ya tsaya nesa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Ana sanar da lokacin dawowa, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawonsa ya makara. Sai ya bi shi tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Wani zango kuma mashigi ne. A mashigin Panama, da aka buɗe a 1914, ana ɗaga jirgi kimanin mita 26 ta hanyar cika wasu manyan ɗakunan ruwa, sannan a sauke shi a ɗaya tekun.

To, abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne lokaci. In an nufi gabas, akan ƙara awa ɗaya a agogo, in yamma ce a rage. A tsakiyar tekun Pasifik kuma akwai layin da kwanan wata yake canjawa: mai tafiya yamma zai kwanta daren Laraba ya wayi gari Juma'a. Shin zai rama sallolin Alhamis? A'a. Kalanda ce ta yi tsalle, rana ba ta yi ba, kuma lokutan salla da rana ake lura. Don haka jadawalin masallacin unguwa ba ya aiki a can.

Haka alƙibla. Mu nan mun saba da gabas, amma wanda jirginsa ya kai Indiya ko Indonesiya yamma zai fuskanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai salla a jirgin ruwa zai fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya shi ma ya juya matuƙar zai iya. Zai yi ta a tsaye, sai in igiyar ruwa ko jiri sun hana shi, sannan ya zauna. Zai yi ƙasaru, kuma tsayawar wuni ɗaya a tasha ba ta yanke shi, tunda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ruwan teku yana halatta alwala, abincin teku kuma halal ne. Amma mu faɗi gaskiya: giya, da naman alade, da gidan caca suna cikin yawancin jiragen nan. Mai hankali zai tambayi kamfani batun abinci tun kafin ya hau.

Sai masu aiki, waɗanda ba a nuna su a hotunan talla. Suna kwana a ƙananan ɗakuna can ƙasan jirgi, sukan yi wata shida zuwa tara ba su ga iyali ba, aiki kullum babu ranar hutu. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2006 kan aikin teku ta ba su haƙƙin hutun awa 10 cikin kowace 24, ta kuma hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki. Saboda haka, duk dillalin da ya ce sai ka biya shi kafin ya sa ka a jirgi, ka riƙe kuɗinka. Kuma ka tambayi sashen da za a ajiye ka, domin mai wanki da mai rarraba giya ba hukuncinsu ɗaya ba. Wanda ke da niyya ya zauna da malaminsa tukuna, kafin ya sa hannu a takarda.

Allah ne mafi sani. Allah ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin.