Talotalon Roba: Dabarar Mafarautan Amurka da Ilmin da ke Cikinta

Maharbin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin amfanin burtu. Yakan ɗaura kan tsuntsun nan a goshinsa, ya sunkuya yana tafiya irin tasa, har ya kusanci namun daji ba su ankara ba. Mafarautan Amurka ma suna da dabara mai kama da wannan wajen farautar talotalon daji. Sukan kafa talotalon roba a fili, su ɓuya a gindin itace, suna kwaikwayon kukan mace.

Me ya sa tsuntsu mai kaifin ido haka yake ruɗuwa? A ƙarshen shekarun 1950 masana biyu, Martin Schein da Edgar Hale na Jami'ar Jihar Pennsylvania, sun gwada toron talotalo na gida da mutum-mutumin mace. Suka riƙa cire fukafukai da ƙafafu da wutsiya, har ya rage kai kaɗai a bisa sanda, amma toron bai fasa yi masa rawar neman aure ba. Watau alama guda ta isa ta motsa ɗabi'ar da aka halicce shi da ita.

Duk da haka, dabarar tana da lokacinta. Ana yin farautar ne tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da tsuntsayen ke barbara. A farkon wannan lokaci toraye suna faɗan neman girma, saboda haka in babba ya hango siffar ɗan saurayi kusa da mace, sai ya taho a fusace. Daga baya kuwa, waɗanda suka sha kaye sukan kauce da zarar sun ga siffar namiji.

Wuri ma yana da muhimmanci. A fili, toron da ya ji kuka bai ga kowa ba yakan yi zargi, don haka robar tana da amfani. A cikin kurmi gara a bar ta, domin neman mai kukan ne ke jawo shi kusa. Bisa ɗabi'arsu mace ce ke zuwa wurin namiji. In ya hango ta daga nesa, yana iya tsayawa can ya baza wutsiya yana jiranta.

Akwai kuma hatsari, domin wani maharbi yana iya ɗaukar robar a matsayin tsuntsu na gaske ya buɗe wuta. Shi ya sa ake gargaɗin mafarauta su guji tufafi ja, fari ko shuɗi, launukan kan toro.

A shekarun 1930 talotalon daji ya kusa ƙarewa a Amurka, sai dokoki da sake yaɗa shi a dazuzzuka suka ceto shi. Da yawansa ya sake raguwa a kudu maso gabashin ƙasar, jihar Alabama ta hana kafa robar a kwanaki 10 na farkon farautar 2022, don manyan toraye su sami damar barbara kafin a harbe su.