Ruwan Alau da Namu Hannun

 Yau maganarmu a kan sauyin yanayi ce, da abin da ya rataya a wuyan kowannenmu game da shi.

Babu mutumin Maiduguri da zai manta daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024. A daren ne madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya bar hanyarsa ya shigo gari jama'a na barci. Kafin rana ta ɗaga, ruwa ya cinye Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga fadar Mai Martaba Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kasuwar Monday, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairun 2023 kuma 'yan kasuwa suka fara farfaɗowa, ita ma ta nutse. Katangar gidan yari ta rushe, fursunoni fiye da 270 suka tsere. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi yawancin dabbobin sun mutu, sai da hukuma ta yi gargaɗi a kula da kadoji da macizai da ruwa ya kwaso. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Da ruwa ya janye, ya bar zanensa a jikin bango, a wasu ɗakunan sama da kan mutum. Buhunan shinkafa da masara suka kumbura suka fashe a shaguna. Mata suka yi ta shanya katifu da atamfofi a kan katanga, magidanta suna ɓamɓare takardun gida da na makarantar yara ɗaya bayan ɗaya, tawada duk ta zube.

To, me ya kawo wannan? Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara tana zuwa da sababi, kuma sababin nan biyu ne.

Na farko ya zo daga nesa. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas domin masana'antu da motoci, kusan shekara 200 ke nan, hayaƙin kabon yake taruwa a sararin sama yana riƙe zafin rana. A da yawansa bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024, wato shekarar ambaliyarmu, ita ce ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ita kuwa iska kamar soso take: duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, tana ƙara ɗaukar danshi da kusan kashi 7 cikin 100. Ranar da za ta sauke shi, sai ta sauke a lokaci guda. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun binciki daminar 2024 a yankin Tafkin Chadi da na kogin Neja, suka gano cewa ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100.

Dattawanmu sun ga ɗaya fuskar ta wannan al'amari. A shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1984 suka ƙafar da kusan kashi 90 cikin 100 nasa, masunta suka koma bin ruwa, makiyaya da manoma suka matsu a kan 'yar dausayin da ta rage. Tafkin ya ɗan farfaɗo daga baya, amma damina ta zama ba ta da alƙawari: bana fari, baɗi ambaliya.

A nan dole a faɗi gaskiya. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba. Mai sayar da bandar kifi a Baga Road bai ɗumama duniya ba. Manyan masu hannu a ciki su ne Amurka da ƙasashen Turai da Sin, kuma shi ya sa a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 aka amince da kafa asusun biyan asarar ƙasashe irin namu. Wannan haƙƙinmu ne, ba bara ba ce.

Sai dai sababi na biyu a gida yake, kuma shi ne ya fi damuna. An kammala madatsar Alau a 1986. Ta taɓa kawo ambaliya a 1994. Shekara 30 tsakani, kuma mutanen da ke zaune kusa da ita sun sha kokawa kan halin da take ciki. Ruwan sama ya yi yawa, haka ne, amma ya tarar da bangon da ba a kula da shi yadda ya kamata ba. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta. Nauyin farko da ke kanka, ɗan'uwa mai saurare, shi ne ka riƙa tambaya: ina aka kwana? Ka tambayi kansilanka da ɗan majalisarka, ka tambaya a rediyo. Wannan ma kare muhalli ne.

Sannan mu leƙa lambatun ƙofar gidajenmu. Duk wanda ya taɓa sa shebur a ciki ya san abin da ke fitowa: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, tsumma, yashi, duk sun cakuɗe sun zama dutse. Ba daga Ingila aka kawo su ba. Mu ne muke aiken yaro da kwandon shara idan hadari ya haɗu, mu ce ya juye a kwata ruwa ya tafi da shi. Ruwan bai tafi da shi ko'ina ba. Ƙarƙashin gada ya kai ya toshe, ya dawo ɗakin maƙwabci. Haka mai kuɗin da ya sayi fili a kan hanyar ruwa ya dasa katanga, da wanda ya sa masa hannu a takarda. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ga kuma bishiyoyi. Darbejiyar da ta yi wa titunan Maiduguri rumfa, wadda muke fakewa a ƙarƙashinta a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40, tun zamanin Turawa aka fara dasa ta. Waɗanda suka shayar da ita ba su san mu ba. Mu fa? Unguwanni nawa ne sababbi da za ka ratsa daga farko har ƙarshe, sai bulo da kwano, babu inuwar da akuya za ta tsaya? A gefe guda motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa gari kullum, daji yana ja da baya.

Ba zan ɗora laifi a kan uwar marayun da ke hura itace ba, domin gas ya fi ƙarfin aljihunta. Ba zan zargi ɗan gudun hijirar da ke shiga daji saran itace ba, alhali ya san 'yan'uwansa da yawa sun tafi haka ba su dawo ba. Yunwa ce ta tura shi. Nauyi gwargwadon hali ne. Wanda Allah ya hore wa, ya koma girki da gas, ya sa sola maimakon janareta, ya saya wa maƙwabciyarsa murhu mai cin itace kaɗan. Malamanmu sun sha gaya mana cewa dashen bishiya sadaka ce mai gudana, kuma kawar da ƙazanta daga hanya yana cikin imani. Muna roƙon limamai su riƙa tuna mana a huɗubar Juma'a, bulamomi da lawanai su haɗa matasa a yashe magudanan ruwa tun kafin watan Yuni.

Kai kuma maigida, da ke uwargida, a daminar nan a dasa bishiya ko guda ɗaya a ƙofar gida. Dasawar ba ta da wuya, renon ne aiki: a kewaye ta da ƙaya ko tsofaffin bulo saboda awaki, a riƙa zuba mata ruwan alwala har ta wuce rani biyu. A tafi kasuwa da jaka ko kwando a rage karɓar leda. Idan hukuma ta yi shelar a tashi daga bakin kogi, a tashi, kada a jira a ga ruwa a tsakar gida.

A nan za mu dakata. Don Allah, gobe da safe kowa ya duba lambatun ƙofar gidansa, idan ya toshe a kira maƙwabta a yashe shi.