Ko Kun Sani?

A birnin Baleta na tsibirin Malta akwai babban cocin Yohanna Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. An gama ginin a 1577, kuma daga waje ba shi da ado, sai ka ce ganuwa. Cikinsa kuwa salon Barok ne zalla: bango ya sha sassaƙa da ruwan zinariya, daɓen kuma duwatsun kaburbura ne na marmara kusan 400.

Abin da ya fi ratsa zuciya a cocin shi ne zanen da mai zane Caravaggio ya yi a 1608, mai nuna yadda aka fille wa Yahaya kai. Shi kaɗai ne zanen da Caravaggio ya sa wa hannu, kuma cikin jinin da ke malala ya rubuta sunansa.