WAIWAYE: Kisan Dakta Bala Muhammad, rawanin Gaya da shari'ar da ba a yi ba

Duk matashin Gaya ko Ajingi da ya isa jefa ƙuri'a ya ga abin da idonsa. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga sarautar Gaya zuwa daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. Ba a cika wata biyu ba aka dawo da Gaya a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.

Abin da da yawa daga cikin matasan ba su sani ba shi ne, wannan dambarwa ta girme su. An taɓa ɗaga darajar sarautar Gaya a 1981, kuma a wancan karo jini ya zuba. Ranar Juma'a, 10 ga Yulin 1981, cikin watan azumi, wasu gungun mutane suka afka wa gidan Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan harkokin siyasa, suka kashe shi, suka cinna wa gidan wuta. Bai kai shekara 40 ba. Fiye da shekara arba'in ke nan, ba a yanke wa kowa hukunci a kan jininsa ba.

Wane ne Dakta Bala Muhammad?

Mutumin Bauchi ne. Ya yi aikin rediyo, ya yi karatu mai zurfi a Amurka har ya samu digirin digirgir, sannan ya dawo gida ya koyar a Jami'ar Bayero da ke Kano. Yana cikin malaman jami'a masu ra'ayin sauyi na shekarun 1970, irin su Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ke ganin talaucin talakan Arewa ba ƙaddara ce kawai ba, akwai hannun mutane a ciki, kuma ana iya nuna hannun.

Binciken da ya fi shahara da shi ya shafi Afirka da siyasar 'yan ba-ruwanmu, wato ƙasashen da suka ƙi zama 'yan amshin Shatan Amurka ko Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka. Kamfanin Triumph ya buga littafin a Kano a 1982, bayan mutuwarsa. Matarsa, Hajiya Naja'atu Bala Muhammad, ta zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan siyasar Kano, kuma ba ta daina tayar da maganar kisan mijinta ba.

Da jam'iyyar PRP ta ci zaɓen gwamnan Kano a 1979, Dakta Bala ya bar aji ya shiga gwamnati. Masoya da maƙiya duk kallo ɗaya suka yi masa: ɗaya daga cikin masu ɗora tunanin da gwamnatin ke tafiya a kai. Rimi ne mai hawa dandamali, amma ana ganin a bayan kalamansa akwai alƙaluma, kuma na Dakta Bala na cikin masu kaifi.

Haraji da jangali: asalin rigimar

Ba za a fahimci kisan ba sai an koma 8 ga Agustan 1950, ranar da aka kafa NEPU a Kano. Jam'iyyar, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, ta ɗauki faɗa da mulkin En'e, wanda a ƙarƙashinsa 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk ke hannun masarauta. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a ƙauyukan ƙasar Kano. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon sarakuna. Amma abu ɗaya ya rage wanda manomi da makiyayi ke ji a jikinsu kowace shekara: haraji da jangali.

Haraji kuɗin kai ne da ake ɗora wa kowane baligi. Jangali kuwa a kan shanu ake biya. Ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi ake tara su, don haka ba kuɗi kaɗai ba ne, igiya ce da ke ɗaure talaka da sarauta. Wanda ya kasa biya zai iya rasa akuyarsa ko hatsinsa, ko ya bar garin.

Da hawansa mulki a watan Oktoban 1979, Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Jihar Kano ta lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau. Gwamnatin ta kafa hukumar yaƙi da jahilci da jaridar Triumph, ta kuma mayar da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Ga talaka wannan sauƙi ne. Ga waɗanda suka saba da tsohon tsari kuwa, an taɓa musu tuwo da miya, an taɓa musu girma.

Gwamnati tsakanin wuta biyu

Kafin 1981 gwamnatin Rimi ta samu kanta a tsaka mai wuya. A sama akwai gwamnatin tarayya ta NPN ƙarƙashin Shugaba Shehu Shagari, wadda 'yan sanda ke hannunta. A cikin gida kuma PRP ta dare biyu: 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, da 'yan Santsi da suka bi gwamnonin biyu. Ɗaya daga cikin dalilan rabuwar shi ne halartar da Rimi da Balarabe ke yi a taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, tare da na UPN da GNPP.

Ƙasar ma a ɗame take. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi da sunan wai ba ɗan Najeriya ba ne. A watan Afrilu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta. A watan Disamba rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000 a birnin Kano. Ranar 23 ga Yunin 1981 kuma majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Kwana 17 kacal ke tsakanin tsigewar da kisan Dakta Bala.

Inda Gaya ta shigo

Gaya ba ƙaramin gari ba ne a tarihin Kano. Labarin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma zuriyarsa ake kira Abagayawa. Mai riƙe da ƙasar ya daɗe yana amsa sunan Sarkin Gaya, ko da yake a tsarin masarauta hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano.

A watan Afrilun 1981 gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu daga cikin ta Kano, ciki har da Gaya da Rano da Dutse da Auyo. Hujjarta ita ce waɗannan garuruwa na da tsohon tarihin sarauta, kuma jama'ar karkara sun cancanci a kusanto musu da mulki. Mutanen garuruwan da dama sun yi murna. A birni kuwa, da yawa sun ɗauki matakin a matsayin yunƙurin karya Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ke kan gadon sarauta tun 1963 kuma yake da farin jini ƙwarai.

Takardar tuhuma da Juma'ar 10 ga Yuli

Ranar 7 ga Yuli gwamnati ta aika wa Sarki takardar tuhuma, tana zarginsa da rashin girmama gwamnati, ta kuma ba shi awa 48 ya kare kansa. Labari ya bazu cewa tsige shi ake shirin yi. Kanawa ba su manta da yadda Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar sarauta a 1963 ba, don haka jita-jitar ta samu wurin zama.

Kwana uku bayan haka gari ya kama da wuta. Gungun mutane ɗauke da makamai suka ƙona gidan Rediyon Kano da ofishin jaridar Triumph da majalisar dokokin jiha da wasu ma'aikatu. Suka nufi gidajen manyan jami'an gwamnati. Dakta Bala suka tarar a gida.

Fushi ne ko shiri?

Tun daga ranar ake da fassara biyu. Ta farko ta ce fushin jama'a ne ya ɓarke saboda an ci zarafin Sarki, kuma in tarzoma ta tashi ba ta da linzami. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin takardar ta ɓata wa dubban mutanen da ba ruwansu da NPN rai, har ma wasu magoya bayan gwamnati sun ga rashin dabara a cikinta.

Ta biyu, wadda 'yan Santsi da Dakta Yusufu Bala Usman suka tsaya a kai, ta ce an fake da guzuma ne aka harbi karsana. Hujjarsu ita ce irin wuraren da aka zaɓa: bakin gwamnati, wato rediyo da jarida, da majalisarta, da kuma mutumin da ake ganin ƙwaƙwalwarta ne. Sun zargi abokan hamayyar siyasa da shirya abin, sun kuma zargi 'yan sanda da naɗe hannu har aka gama ɓarna. Waɗanda aka zarga ba su taɓa amsa laifin ba.

Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike na shari'a. Abokan marigayin suka kafa kwamitin tunawa da shi, wanda a 1982 ya buga kundin takardu kan danniyar siyasa a Najeriya, Bala Usman ne ya tace shi. Sai dai gurfanar da mai kisa na buƙatar 'yan sanda, su kuwa ba na jiha ba ne. Daga nan siyasa ta juya. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, wanda ya rushe sababbin masarautun, Sarkin Gaya ya koma hakimi. Ranar 31 ga Disambar 1983 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, maganar ta bi ruwa.

Yadda wasu suka yi da nasu mamatan

Matasan Arewa da yawa sun fi sanin Malcolm X da Dakta Bala. Sun san ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka da ya ƙi yarda a mari mutum ya juya ɗaya kuncin, ya yi aikin Hajji a 1964 ya dawo da sunan Alhaji Malik El-Shabazz, ya ziyarci Jami'ar Ibadan a watan Mayun shekarar inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. An harbe shi ranar 21 ga Fabrairun 1965 a birnin New York, a gaban matarsa da 'ya'yansa, yana da shekara 39.

Darasin da ya fi shafarmu shi ne abin da ya biyo baya. An ɗaure mutum uku a 1966. Ɗaya ya amsa laifi, ya kuma ce sauran biyun ba su da hannu, amma kotu ba ta saurare shi ba. Masu bincike da 'yan jarida ba su saki maganar ba, har wani shirin talabijin na 2020 ya sa mai gabatar da ƙara na Manhattan ya sake buɗe fayil. A watan Nuwamban 2021, shekara 56 bayan kisan, kotu ta wanke Muhammad Aziz da Khalil Islam, bayan an gano hukumar FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye hujjojin da za su iya kuɓutar da su. Khalil Islam ya riga ya rasu tun 2009. A 2022 birnin da jihar New York suka amince su biya diyyar dala miliyan 36.

Haka ma Walter Rodney, masanin tarihi ɗan ƙasar Guyana, marubucin littafin nan kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka. Bam ne ya kashe shi ranar 13 ga Yunin 1980, wata 13 kafin Dakta Bala. Kwamitin binciken da ya miƙa rahoto a 2016 ya ɗora alhakin a kan gwamnatin Forbes Burnham.

A duka wuraren biyu ba gwamnati ce ta farka da kanta ba. Iyalai da ɗalibai da 'yan jarida ne suka ƙi barin takardu su ruɓe.

Abin da ya rage mana

A Najeriya kuwa jerin sai tsawo yake ƙarawa. Dele Giwa a 1986, Bola Ige a 2001, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Ɗorayi a 2007. Kowane kisa da aka bari ba hukunci, izini ne ga na gaba.

Daga 1981 zuwa 2024 sau biyar aka sauya matsayin sarautar Gaya: a ɗaga, a sauke, a ɗaga, a sauke, a mayar daraja ta biyu. Kowane karo ana cewa don jama'a aka yi. Amma tambayoyin da suka fito da Dakta Bala daga aji ba na girman rawani ba ne. Wa ke karɓar kuɗin manomi da makiyayi? Me ake yi musu da shi? Wa ke da ikon tambaya ba tare da tsoron 'yan daba ba? Waɗannan tambayoyi na nan a Gaya da Ajingi, ko wace daraja sarki yake da ita.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran zaɓe. Dattawan da suka biya haraji da jangali, suka ga Santsi da Taɓo, suna raguwa kullum, kuma wayar da ke aljihun kowane matashi ta isa ɗaukar muryarsu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Rahoton kwamitin da ya binciki tarzomar 10 ga Yulin 1981 da kuɗin jama'ar Kano aka yi shi, don haka 'ya'yansu da jikokinsu na da haƙƙin su nema su karanta.