Kalashnikov: bindigar da ta hau tuta

A shekara ta 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani sojan Tarayyar Sobiyet mai suna Mikayil Kalashnikov ya ji rauni wurin yaƙi. Yana kwance asibiti ya soma tunanin ƙera bindiga. A ƙarshe ya ƙera AK-47, wadda sojan ƙasarsu suka karɓa a 1949. Daga baya aka yi mata ƙanne: AKM a 1959, AK-74 a 1974, da Saiga ta mahalba.

Tana cin harsashi 30, kuma rairayi ko taɓo ba su cika hana ta tashi ba. Don haka mayaƙan neman ƴanci suka rungume ta, har Mozambik ta sa hotonta bisa tuta, tare da hauya da littafi.

Amma sauƙin nan shi ne masifarta: ko yaro yana iya halba ta. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, makaman Libiya sun watsu cikin Sahel, ta ƙara yawa hannun ƴan fashi da ɓarayin shanu.

Shi kansa maƙerin, kafin rasuwarsa a 2013, ya ce da ya fi son a ce injin da zai taimaki manoma ya ƙera.