Kafin ka sayar wa 'yan gwangwan da tsohuwar motar gida

Shekara shida Peugeot 404 ta marigayi mahaifinmu tana fake a ƙofar gidanmu da ke Zongo, kusa da Gbégamey, a nan Kwatano. Da azumin bara ƙanena ya kawo 'yan gwangwan. Ba jikin motar ya ja hankalinsu ba, lagireto suka fara ɗagawa, domin tagulla ta fi baƙin ƙarfe kuɗi a kan sikeli. Na roƙi a ba ni mako biyu, na ɗauki lagireton na nufi wurin wani dattijon mai gyaran lagireto a unguwarmu.

Ya dubi baƙin da ya rufe shi da koren da ya taru a gefe, ya yi murmushi. "Malam, ai wannan bai mutu ba, wanka yake so."

Tagulla haɗin jan ƙarfe da tutiya ce. Ba ta yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ta dusashe, kuma iskar teku mai gishiri da laimar damina biyu da muke yi a Kwatano suna hanzarta hakan. Motocin farko sun sha ado da ita, daga fitilu zuwa ƙaho. Ford Model T da ta fito a 1908 da lagireton tagulla ta zo. A Ingila har gobe, duk watan Nuwamba, ana jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905 daga Landan zuwa Brighton. Tamu 404, wadda Faransa ta fara ƙerawa a 1960, jikanya ce a wurinsu, amma lagiretonta na dangin nan ne, ba na alminiyon da roba irin na motocin yanzu ba.

Baba ya fara da maganaɗisu. In ya manne, to ƙarfe ne aka shafa wa tagulla sama-sama, gurza kaɗan za ta ɓare. Namu bai manne ba. Ya wanke maiƙon da ruwan ɗumi da sabulu, ya matse lemun tsami a kan toka mai laushi da aka tankaɗe, ya riƙa shafawa da tsumma. Bayan 'yan mintuna ya ɗauraye sosai, ya tsane ruwan tas. Ya ce in tsamin ya daɗe sai ya cinye tutiyar, wurin ya koma ja-ja. Daga nan ya goge da Brasso, ya rufe da kakin zuma don iska ta daina taɓa shi.

Da na miƙa masa soson ƙarfe don mu yi sauri, sai ya ture hannuna. "Haba ɗana! Abin da ka kankare ba ya dawowa."

Kwana uku muka yi, kullum in na tashi daga makaranta. Ya kuma toshe huda biyu da dalma. Ranar da muka mayar da lagireton, ƙanena ya daɗe yana kallon fuskarsa a jikin tagullar bai ce uffan ba.

Injin bai tashi ba tukuna, akwai sauran aiki da kuɗi. Amma maganar sikeli ta mutu a gidanmu. In akwai irin wannan mota a ƙofarku, a nemi maganaɗisu da lemun tsami kafin a nemi mai saye.